Zamanin da Muke Sayen Wuta a Kasuwa

A Babankatami ta ƙuruciyarmu, wutar lantarki ba a kan turaku take zuwa ba. A kasuwa ake sayenta, bibbiyu ko hurhuɗu, a jefa ta aljihun riga tare da goro da ashana. Pil ke nan. Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar cikin shekarun 1980 ya san nauyin manyan pil ɗin nan a tafin hannu, ya san masu hoton kan damisa, ya kuma san yadda magidanci ke jujjuya su yana duba ko sun fara tsatsa kafin ya miƙa kuɗinsa. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa tun 1968, sunansa kaɗai muke ji. Wayoyinsa sun tsaya a manyan garuruwa irin su Tawa da Ƙonni da Madawa, tsakaninmu da su kuwa sai duwatsu da kwazazzabai da hanyar da mota ke bi tana nishi.

Rediyo ta riga wuta isowa wurinmu. Ƙasarmu ƙasar ƴan bida ce: da an kai hatsi rumbu, samari sai su kama hanyar Abijan ko Legas ko Kano, wasu su haura Libiya. Farin 1984, wanda mutane suka laƙaba wa suna El-Buhari, ya ƙara tura jama'a waje, duk da cewa a shekarar ce aka fara babban aikin raya karkara na Keita, inda mata da maza suka yi ta jera duwatsu a jikin tsaunuka suna dasa itatuwa. Wanda Allah ya dawo da shi lafiya, da wuya a rasa rediyo cikin kayansa. Da ita ake jin Muryar Sahel da Kaduna da Jamus da BBC, wadda ta fara magana da Hausa tun 1957. In kuwa lokacin kokowar takobi ya zo, gasar nan da aka fara a Tawa a 1975, to, mai sayar da pil ba ya zama. Dattawa su kewaye akwati guda a ƙofar gida, yara mu tsugunna daga baya, kowa na addu'ar kada murya ta shaƙe kafin ɗan jiharmu ya yi kaye.

Ƙanen mahaifiyata shi ne mai gyaran rediyo. A Maraɗi ya koyi sana'ar, wurin wani maigidansa, bayan ya yi shekaru yana bida. Bai taɓa shiga lakwal ba, karatun allo ya yi, amma lissafin da ke kansa ya ishi mai takarda. Teburinsa a ƙarƙashin rumfar kara yake. Tun da babu wuta, ƙarfen liƙinsa a cikin garwashin gawayi yake ɗumama shi, ya goge bakinsa da tsumma, ya dangwala dalma. Har yau in na ji ƙaurin dalma, rumfar nan nake tunawa. Abin da ya fi daraja cikin kayansa wata mita ce mai allura, da wayoyinta biyu, ja da baƙa, wadda yake naɗewa cikin tsohon rawani saboda ƙura. Aikina shi ne fifita gawayi, da riƙe masa waya, da yin shiru.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya zo da rediyonsa a rataye. Ya ce sabbin pil huɗu ya zuba mata da safe, amma muryarta kamar ta mai jinya. Na miƙa wa Kawu abin kwance kusa, sai ya girgiza kai. Murfin baya kaɗai ya zare, ya turo mini akwatin.

"Diba nan, ɗana. Mi ka gani?"

"Pil huɗu ne, Kawu, kuma duk sabbi."

"Sake dibawa. Ina kai, ina gindi?"

Uku sun fuskanci gaba, kowane kansa na taɓa gindin na gabansa. Na huɗun ya juya baya. Kawu ya fiddo shi, ya nuna mini ɗan tudun da ke kansa, inda aka buga alamar tarawa, da shafaffen gindinsa mai alamar ɗebewa. Kowane pil, in ji shi, wolt ɗaya da rabi yake bayarwa, huɗu a jere su ba da shida, abin da rediyon ke so ke nan. Na yi saurin cewa to yanzu saura huɗu da rabi. Ya ɗora mita, allura ta tsaya a kan uku.

"Wanga da ya juya ba zaune yake ba," in ji Kawu. "Tura yake yi baya. Ya hana nashi, ya kuma cinye na ɗan'uwansa guda."

Ya mayar da shi daidai, rediyo ta buɗe murya, dattijo ya sa hannu aljihu. Kawu ya ce, "Haba Baba, bar shi. Ban yi aikin komi ba." A ranar na fara sanin cewa ƙarfin wuta ba yawa kaɗai gare shi ba, yana da inda ya dosa.

Mitar ma haka ta koya mini. In aka ɗora jar waya a gindin pil, baƙa a kansa, allura ba ta tashi, sai ta koma baya ta maƙale a ƙasan sifili. Kawu yakan ce ba ƙarya ta yi ba, kuma ba lalacewa ta yi ba, tana gaya maka ne ka juya hannunka. Ya nuna mini cewa ƙwan tocila na da, mai ɗan siririn zare a ciki, bai damu da ta ina wuta ta shigo masa ba, ko ta ina zai kama. Kayan cikin rediyo kuwa ba su yarda da haka. Taranzisto da diyod da ƴan gwangwanayen nan masu ajiye wuta, kowannensu da ƙafar da aka ware wa tarawa da wadda aka ware wa ɗebewa.

Mun ga gaskiyar wannan magana lokacin da talabijin ta fara shigowa, ƙarama mai baƙi da fari, wadda ake kunnawa da batirin mota. Batirin sai an aika da shi garin da ke da wuta an yi masa caji, a dawo da shi ana lallaɓawa saboda ruwansa mai cin tufafi. Wani dare, a gidan wani ɗan kasuwa, yaron da aka sa haɗawa ya maƙala wayoyin a juye cikin duhu. Aka ji ɗan ƙara, hayaƙi ya fito ta bayan akwati, taro ya watse. Da gari ya waye Kawu ya buɗe ta, ya nuna mini gwangwani guda da ya kumbura ya fashe, da diyod da ya ƙone. Bai yi wa yaron faɗa ba. Bayan ya gama gyara, ya sa fis a kan hanyar wutar, ya ƙulla ƙulli a jikin jar waya don hannu ya gane ta ko ido bai gani ba. Sannan ya kama yatsan yaron ya ɗora masa a kan ƙahonin batirin guda biyu, ya ce ya ji da kansa: na tarawa ya fi na ɗebewa kauri. Masu ƙera batir sun yi haka ne da gangan, amma mutum zai iya shekara yana ɗaukar batir bai lura ba, sai an nuna masa.

Darasi na biyu daga cikin wani gwangwanin madara ya fito. Kawu ba ya zubar da matacciyar rediyo. Yakan cire duk abin da ke da sauran amfani, musamman ƴan rezistans ɗin nan masu kama da ƙwayar shinkafa, da zobban launi a jikinsu. Su ne ke yi wa wuta turjiya, su rage mata gudu don kada ta yi wa wani sashe yawa. Ni ke tsince su in ware. Da haka na haddace launukan: baƙi sifili, ruwan ƙasa ɗaya, ja biyu, har zuwa fari tara. Zobe biyun farko su ne lamba, na ukun ya faɗi yawan sifilin da za a ƙara. Ruwan ƙasa, baƙi, ja: om 1000 ke nan.

Wata rana yana neman mai om 470, muka zazzage gwangwani kaf babu. Madawa kuwa ba nan kusa ba, mai rediyo ga shi zaune yana jira. Sai Kawu ya ɗauki biyu masu 1000, ya kwantar da su kafaɗa da kafaɗa, ya murɗe ƙafafunsu wuri guda ta kowane ɓangare.

"Kawu, dubu da dubu ai dubu biyu ne."

"In ka jera su, wanga bayan wanga, dubu biyu ne. Amma diba yadda na aza su."

Ya ɗora mita, ta nuna 500. Na tsaya ina kallon allura. An ƙara abu mai hana wuta wucewa, ga shi hanin ya ragu da rabi. Kawu ya tambaye ni ko na taɓa ganin ban ruwan albasa a fadama. Na ce na gani. Ya ce in ruwa na bin ƴar siririyar hanya guda zuwa fangali, sai manomi ya buɗe wata irinta a gefe, ruwan da ke isa ƙaruwa zai yi ko raguwa? Kowace hanya da matsinta, amma yanzu hanya biyu ce. In kuwa ya haɗa su ya yi doguwa guda, ruwan sai ya sha matsi biyu kafin ya kai. Bambancin 470 da 500 kuma bai dame shi ba, domin wanda ya ƙone ɗin zobensa na ƙarshe ruwan azurfa ne, alamar cewa tun daga masana'anta an yarda ya kauce da kashi goma cikin ɗari. Ya liƙa su, rediyo ta yi magana.

Da na shiga kwaleji a Buza, daga baya na wuce lise a Tawa, sai na tarar da maganar Kawu a kan allo, an sa mata haruffa. Mushe, wato malaminmu, ya rubuta U = R × I, ya ce wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya fitar da ita cikin littafinsa na 1827: ƙarfin da ke tsakanin ƙafafu biyu na rezistans daidai yake da turjiyarsa sau yawan wutar da ke ratsa shi. Ya kawo mana ƙa'idoji biyu na Gustav Kirchhoff, wanda ya tsara su a 1845 yana ɗalibi ɗan shekara 21. Ta farko, duk wutar da ta shiga mahaɗa sai ta fita, ba ta ɓata. Ta biyu, in ka zaga da'ira ka dawo inda ka tashi, kana tara hawa kana ɗebe sauka, jimillarka sifili ce. Pil ɗin dattijon nan da ya juya baya, sauka ce a wurin da ake jiran hawa.

Mushe mutum ne mai haƙuri, yana da salon da har yau nake bi. Yakan zana da'ira mai rassa, ya ce kada kowa ya tsorata da yawanta, a riƙa naɗe ta daga nesa ana matsowa kusa da batir. Na tuna wadda ya fi so: batir mai wolt 12, rezistans mai om 4, sannan hanya ta rabu biyu, reshe guda om 6, guda om 3. Na kafaɗa da kafaɗa ake fara haɗewa: a ninka su, a raba da jimillarsu, 18 a raba 9, ya ba da 2. Sai a tara da 4 da ke jere da su, ya zama 6. Rezistans uku sun koma guda, kuma batir ba zai iya bambance wannan gudan da ukun ba. Wutar da zai fitar ampa 2 ce. Daga nan sai a warware naɗin a koma baya: wolt 8 sun sauka a kan mai om 4, wolt 4 a kan rassan biyu, 8 da 4 sun cika 12 ɗin da batir ya bayar. Ranar da na ga lissafi ya rufe kansa haka, babu ragi babu ƙari, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aji.

Da wani ɗan ajinmu ya tambaya yadda za a san inda wuta ta dosa a reshen da ke tsakanin batir biyu, Mushe ya ce, "Zaɓi hanya ka zana kibiya, ka sa alamominka, ka tsaya a kansu har ƙarshen lissafi. In amsa ta fito da alamar ɗebewa, yawan daidai ne, hanyar ce ke juye." Allurar Kawu ke nan da ke komawa ƙasan sifili. Ya ƙara mana da cewa Benjamin Franklin na Amurka ne ya raba wa ɓangarorin biyu tarawa da ɗebewa tun ƙarni na 18, kafin kowa ya san abin da ke tafiya cikin waya. Da J. J. Thomson ya gano ilaktaron a Ingila a 1897, sai aka ga cewa a cikin ƙarfe daga ɗebewa suke tafiya zuwa tarawa. Duk da haka ba a sauya kibiyar ba, domin lissafi na fita daidai muddin kowa ya riƙe yarjejeniya guda.

Da hutu na koma gida na faɗa wa Kawu duk wannan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in gwada ilimin nawa a kan fitilun da yake haɗawa ranar biki ko daren saukar karatu. Ƙwan mota guda mai turjiyar om 6, a kan batir mai wolt 12, ampa 2 yake ja. In an rataya uku kafaɗa da kafaɗa, kowane zai haska da cikakken ƙarfinsa, amma abin da batir ke gani om 2 ne, sai ya fitar da ampa 6. Batirin da zai riƙe ƙwai guda awa talatin a kan takarda, awa goma zai riƙe uku. In kuwa an jera biyu, turjiya ta zama 12, wuta ta ragu, kowane ya sami wolt 6 ya yi ja kamar garwashi, kuma guda na mutuwa ɗayan ya bi shi. Kawu ya ce, "To, ka gani. Mai biki yawan haske yake tambaya. Kai kuwa tambayi abin da batir zai ɗauka."

Har al'adar nan tamu ta shanya tsoffin pil a rana a kan danga, lissafin ya bayyana mini ita. Pil kansa yana da turjiya a cikinsa, a jere da duk abin da aka haɗa masa, kuma tana ƙaruwa yayin da yake tsufa. Shi ya sa tsohon pil kan nuna kusan cikakken ƙarfi a mita in ba a ɗora masa komai ba, amma da an sa shi a rediyo sai ya durƙushe. Zafin rana na ɗan sassauta wannan turjiya, ya ba mu labarun yamma guda. Shi ya sa kuma Kawu ke hana haɗa tsoho da sabo: tsohon zai zame wa sabon tarnaƙi.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, kafin farantin sola ya cika ƙauyukanmu. Yau duk inda ka bi tsakanin Madawa da Buza da Keita, za ka ga faranti a kan soro ko a jingine da danga, ga rumfunan cajin waya, ga famfunan da rana ke juyawa. A watan Nuwamba na 2018 aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza, cikin jiharmu. Abin da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi ta faɗa tun yana jagorantar ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, yau ya zama abin yau da kullum. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, manyan birane suka shiga duhu, mai ɗan farantinsa a ƙauye bai fasa cajin wayarsa ba.

Ina murna da wannan ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne kayan sun iso, sanin bai biyo su yadda ya kamata ba. Wutar faranti da ta batir irin ta pil ce, mai kai da gindi, kuma dokokinta ba su sauya ba. Faranti na gida yawanci ƙwayoyi 36 ne a jere, kowace na ba da kusan rabin wolt, don haka inuwar reshe ko kashin tsuntsu a kan ƙwaya guda na iya rage aikin sauran duka. Batir biyu masu wolt 12, in an jera su 24 ne, in an aza su kafaɗa da kafaɗa 12 ne mai daɗewa, in kuwa aka juya guda cikin na kafaɗa, wayoyi za su yi ja nan take. Ita ma waya rezistans ce. Ta jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5, in an ja ta mita 20 zuwa ɗaki, zuwa da dawowa mita 40 ke nan, turjiyarta ta kusa rabin om. A ampa 5, fiye da wolt 2 cikin 12 sun ƙare a hanya. Na ga gidajen da aka sayar da akuya aka sayi batir, aka yi ta rataya masa fitila da fanka da talabijin ba tare da wanda ya tara nauyin ba, ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, bai kai wata damina ba ya mutu. Sai a ce kayan zamani ba su da albarka. Wani lokacin gaskiya ne, araha ba ta ado. Sau da yawa kuwa haɗin ne bai yi ba.

Abin da nake kewa daga zamanin rumfar Kawu ba duhun ba ne, ba kuma tsadar pil ba. Ina kewar lokacin da abu ke lalacewa a buɗe shi a gaban yaro, a nuna masa inda wuta ta shiga da inda ta tsaya, a bar shi ya yi tambaya. Kayan yanzu a liƙe suke zuwa, in sun mutu a jefar. Amma waya da batir da faranti har yanzu a fili suke, hannun mutum ke haɗa su, kuma tambayoyi biyun nan sun ishi mai haɗawa ya tsare dukiyar talaka: ina kai ina gindi, kuma in an tara komai, nawa batir zai ɗauka?

Shi ya sa nake roƙon malaman kwalejojinmu su riƙa shiga aji da pil da ƙwai da guntun waya, yara su taɓa kafin su rubuta, domin gani ya kori ji. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumominmu su jawo tsoffin masu gyaran rediyo da suka rage, su zauna da samarin da ke hawa soro suna kafa faranti. Kuma duk magidancin da zai sayi batir, ya nemi yaron gidansa mai ƙwazo ya saya masa mita. Kuɗinta bai kai kusa da na batirin ba, kuma yaron da ya iya riƙe ta zai amfani unguwa guda.